Ranar da Kaka Ta Yi wa Bindiga Turare

A saman benenmu na unguwar Hindawiyya a Makka akwai wani lungu bayan tankin ruwa, inda Kaka Hadiza ke ajiye kaskon garwashinta. Murhun gas yana ƙasa, amma ita ta rantse shayin gas ba shi da ɗanɗano. In an idar da Isha sai ta hura gawayi, ta ɗora buta, ta miƙe ƙafafun da suka wuni a bakin titi tana sayar wa alhazai hatsin tantabaru. Mu jikoki mu kewaye ta, muna surutu rabi Hausa rabi Larabci, tana hararar duk wanda Larabcinsa ya yi yawa. Ni take kira Maigida, don sunan kakanmu aka sa mini, ita kuwa ba ta taɓa furta sunan nan ba har ta koma ga Allah.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wanda muka fi roƙo ba tatsuniya ba ne. Takan ce, "Yau ba gatanan ba gatananku, wannan da idona na gani. Wanda ya yi barci shi ya so."

Tana amarya, wata uku da tarewa, a ƙauyensu da ke bakin daji. Kakanmu maharbi ne, yana da bindigar toka da ya gada. A daminar nan aladun daji suka sa gonakin gyaɗa a gaba, gari duka aka zuba masa ido, sai ga bututun bindigar ya tsage. Maƙerin da ya iya aikin yana tafiyar kwana biyu, kuma shi ne mahaifin Kaka. Kakanmu ya ji nauyin zuwa wurin suruki da buƙata tun ba a je ko'ina ba, ga shi kuma mutum ne mai ji da kansa. Ya samo wani bututun a kasuwa, ya zauna a tsakar gida ya haɗa da kansa, ya naɗe mahaɗar da jar fata. Bindiga ta fito tsaf, har maƙwabta na shigowa kallo.

Kaka ta tashi a gindin zugazugi, ta san abin da fata ke ɓoyewa. Ta taɓa ganin wani da aka kawo wa mahaifinta, wanda wuta ta fito masa ta baya maimakon gaba, ya rasa idon dama. Gindin bututun nan kuwa daidai kuncin mai harbi yake kwanciya. Matsalar ita ce a gidan maharba mace ba ta taɓa bindiga, wai hannunta yana karya laƙani.

"To ya kika yi, ya Sitti?" in ji ƙanwata Maryam, mai kiran Kaka da Larabci, ko da yake ta ji labarin ya fi sau goma.

"Na bari ya tafi masallaci. Laƙani in ya karye a sake wani, ido fa?"

Ta ɗauko kaskon turarenta na amarci, ta zuba turaren wuta har ɗaki ya turnuƙe. Ta kwance jar fatar, ta toshe ƴar kafar da wuta ke shiga da kakin zuma, ta cika bututun da hayaƙi, ta sa baki ta hura, kamar yadda ta ga mahaifinta yana yi da hayaƙin lofe. Sai ga hayaƙi siriri kamar zare yana fita ta mahaɗar baya. A haka kakanmu ya dawo da abokansa biyu ya same ta, bindiga a cinya, ɗaki sai ƙamshi.

Nan Kaka takan daɗe, don nan ne daɗin. Takan ƙanƙance ido ta kwaikwayi muryar ɗaya daga cikin abokan: "Malam, ashe bindigar taka ma amarya ce, har turare ake mata?" Kakanmu ya fusata, kunya ta rufe shi a gaban mutane. Ita kuwa ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Amma harbin farko, don Allah kada ka sa fuskarka. Ka ɗaure ta a tsamiya, ka ja kunamar da igiya daga nesa. In ta tashi lafiya, ni da kaina zan tafi gidanmu."

Ya yarda ne kawai don ya kunyata ta. Da safe aka taru a bayan gari, har da matan da suka zo ganin yadda amarya mai kan tsiya za ta ƙare. Aka ɗura albarushi, aka ɗaure bindiga a jikin tsamiya, kakanmu ya koma bayan wani shuri riƙe da igiya yana murmushi. Ya ja.

Kaka takan tafa hannu da ƙarfi a nan, mu zabura, ko da mun san zuwansa. Gindin bututun ya tarwatse. Wani guntun ƙarfe ya yanke ɓawon tsamiya faɗin tafin hannu, daidai inda kuncin mutum zai kasance. Kakanmu ya je ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya shafa nasa kuncin.

"Me ya ce miki?" mukan tambaya.

"Shi? Ya ce in dama masa fura, tafiya za mu yi." Sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana share hawaye. "Maigida, ku ai haka kuke ba da haƙuri."

Tare suka je wurin mahaifinta. Tsohon ya haɗa sabon bututu, ya miƙa wa ƴarsa ya ce ta gwada. Ta hura, hayaƙi bai sami hanya ba ko kaɗan. Kafin a cire gyaɗa aladun sun bar yankin, kuma daga ranar duk maharbin da ya gyara bindiga a garin sai ya aiko a ari kaskon Hadiza. Waɗanda suka yi mata dariya su ne kan gaba.

Ina yaro, ƙarar fashewar kawai nake jira a labarin. Yanzu aikina gyaran murhun gas ne a manyan wuraren da ake dafa wa alhazai abinci, kuma ba na kunna ashana sai na shafe kowace mahaɗa da kumfar sabulu na tsaya ina kallo. Masu wuri sukan gaji da ni. A aikin Hajjin da ya wuce wani mai wuri ya tsaya a kaina yana azalzala ta da Larabci, "Yalla, yalla, ya Muhammad, khalas, sabon tiyo ne!" Na nuna masa kumfar da ke kumbura a wuyan tukunyar gas, mutum goma sha wani abu na aiki a ɗakin. Ya daɗe yana kallon wurin kamar kakanmu, daga baya ya aiko mini da shayi. Na sha ina jin daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Sai da na girma na gane ba ƙarar ce Kaka ke son mu riƙe ba, ƙarshen ne, wanda muke ji cikin gyangyaɗi. Takan rufe garwashin da toka, ta juya wajen da hasken Harami ke haska sama, ta ce shekaru bayan haka sun taho ƙasar nan a ƙafa, wata da watanni. Ranar da suka shiga Harami kakanmu ya tsaya yana kuka, ya kasa ɗaga ƙafa, ita tana gefensa tana kallonsa.

"Da ido biyu ya ga Ka'aba," in ji ta. "Ɗaya nasa ne, ɗayan ni na ajiye masa. Ku tashi ku kwanta."