Uwata da Na Girme Ta da Shekara Ashirin da Huɗu

Ranar Juma'a, tara ga watan Mayu, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida a garinmu na can arewa mai ƙanƙara, ina kankare fatar karen teku, dabbar ruwan da muke farauta, sai ƙanena Juusipi ya tsaya da babur ɗinsa na ƙanƙara, bai ko kashe injin ba. Ya cire hula ya ce, "Yaya, Inna ta tafi." Na ce ya kashe abin nan, ba na jin me yake faɗa. Ƙarya nake yi, na ji shi sarai.

Damaris Tulugak, mawaƙiya mai shirya fim, ta rasu a wani asibiti a Montreal bayan ta shekara tana fama da ciwon daji. Shekarunta arba'in da bakwai. Gidajen rediyo da jaridun kudu sun faɗi wannan, sun lissafa faifanta huɗu da finafinanta uku. Babu wanda ya faɗi cewa ta bar 'ya mai shekara saba'in da ɗaya, wato ni.

Inna, ke kin san yadda aka yi, amma bari in faɗa don masu karatu. Mahaifiyata Uviluk ta rasu a tsakiyar hunturu ina da shekara ashirin da huɗu. Bayan kwana takwas Miika, matar maƙwabcinmu, ta haihu, aka sa wa jaririyar Uviluk. Damaris sunan coci ne da na takarda. A wurinmu wanda ya ɗauki suna ya ɗauki mai sunan gaba ɗaya, da 'ya'yansa da matsayinsa. Da aka miƙo mini ke a naɗe cikin fatar barewa na ce, "Sannu da dawowa, Inna." Daga ranar na daina kuka.

Kin riƙe matsayin nan da hannu biyu, wani lokaci har ya yi yawa. Kina da shekara biyar kika tsaya gaban Juusipi, ƙato da gemunsa, majina a hancinki, kika ce, "Kai yaro, karnukan nan sun ci abinci kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yanzu zan ba su, Inna." Idan an kawo nama, hantar taki ce, babu mai musu. Ni kuwa ba ki taɓa kirana Raigili ba, sai "'yar nan".

Mahaifiyata gwanar waƙar maƙogwaro ce, amma fastocin zamaninta sun hana, don haka a ɓoye ta koya mini a bayan tanti. Mata biyu ke yi, fuska da fuska, kowacce ta riƙe damtsen 'yar'uwarta. Ɗaya ta ja sauti ta bar gurbi, ɗayar ta cike gurbin da nata numfashin, a yi ta tafiya har sai wata ta fashe da dariya ko numfashinta ya ƙare. Kina da shekara tara na ɗora ki a kan akwatin katako don tsawonmu ya zo ɗaya, na mayar miki da abin da kika ba ni. Ba a yi wata uku ba kika tsayar da ni kika ce, "Ke 'yar nan kina sauri. Haka na koya miki?"

Da kika tafi kudu da jita a baya kina da shekara goma sha tara, na yi wata guda ba na magana da Miika, don ita ta bar ki. Daga baya muka fara jin muryarki a rediyon gari, da harshenmu, ba ki sauya ko kalma ɗaya don Turawa su gane ba. Sau ɗaya kika ja ni zuwa wani babban ɗakin wasa a Montreal. Kika ce wa mutum dubu biyu, "Ga 'yata," suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Muka riƙe juna muka fara. Ni na fara fashewa da dariya, kuma har gobe ina cewa da gangan kika murtuke mini fuska.

Fim ɗinki na farko a kan 'yan faifan lamba ne da gwamnati ta taɓa rataya mana a wuya saboda ma'aikatanta sun kasa furta sunayenmu. Kin shigo gidana neman na mahaifiyata, na fara jan ƙafa, kika ce, "Ba aro na zo ba, kayana na zo karɓa." Kika rataya shi kika bi gida gida da kyamara kina tambayar kowa sunan wa yake ɗauke da shi. Na ga tsofaffin mafarauta waɗanda ko a jana'izar matansu ba su zubar da hawaye ba suna share ido. A fim na biyu kin tsayar da masu ɗaukar hoto awa shida a bakin ramin da karen teku yake leƙowa ya shaƙi iska. Wani ɗan kudu ya gyara tsayuwa, dabbar ta ji motsin ƙafarsa ta ƙarƙashin ƙanƙara ta gudu, kika sa aka dawo washegari aka sake tsayuwar. Juusipi yakan ce kin iya jiran karen teku yini guda, amma ba ki iya jiran shayi ya huce ba.

Lokacin da maigidana ya kwanta jinya a Ottawa, ke ce mai tuƙo mota kowace Asabar da ɗanyen kifi daskararre. Ki shimfiɗa kwali a ƙasan ɗakin, ki yanka da wuƙarmu ta mata, ki ce, "Surukina, tashi ka ci abincin mutane." Marasa lafiyan garinmu da ke can duk sun san ranar, sukan taru a ƙofa da rigunan asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin na yi miki laifi. A watan Maris kin kira ni, murya ta disashe, kika tambayi cikin jikata Siila wata nawa. Na ce biyar. Kika ce, "To ki gaya mata ta ajiye mini wuri." Haka manyanmu suke yi idan sun ji tafiya ta matso, su zaɓi cikin da za su sauka, kuma ba a ce musu a'a. Ni na ce. Na ce, "Inna, ki bar wannan maganar banza, za ki warke," na kashe wayar. Gani nake idan na isar da saƙon na sa hannu a mutuwarki. Kin sake kira sau biyu, na yi ta miki surutun yanayi da farashin mai don kada ki sami ƙofar komawa kan zancen.

Hazo ya hana jirgin da ya ɗauko gawarki sauka har kwana uku. Ƙasa ba ta narke ba, da injin fasa dutse aka haƙa kabarin, muka jera duwatsu a kai. Mutane suna waƙar coci, ni ina ƙirga kwanaki. Wancan karon kwana takwas kika yi kika dawo. A garin nan kaf babu mai ciki da za ta haihu kafin kaka sai Siila, ita kuma da mijinta Martin, Bature malamin makaranta, sun riga sun zaɓi suna daga littafi, har ya rubuta shi da fenti a jikin gadon jariri. Kullum in sa takalmi in nufi gidansu, in kai ƙofa in juyo. Me zan ce? Cewa kin roƙa tun kina da rai na danne? Kwana takwas ya wuce, tara, goma. Abinci ya daina shiga. Ban taɓa zama marainiya fiye da kwana takwas ba, sai ga shi zan zama da furfura, kuma da hannuna.

A kwana na goma sha uku ƙafafun Siila suka kumbura, jininta ya hau, jirgin asibiti ya zo ya ɗauke ta zuwa Ottawa. Na tsaya a filin jirgi bakina cike da maganar, ban faɗa ba. Zuciyata ta yi ta ce mini ke ce kike ƙwanƙwasa ƙofar da na rufe miki. A kwana na goma sha biyar aka yi mata aiki aka ciro yaro, bakwaini, aka sa shi a kwalba.

Da la'asar Martin ya kira ni ta waya mai hoto, ya kara wa Siila a fuska. Ban ko yi mata sannu ba na fara zuba, ina kuka ina ba da labarin watan Maris. Ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce a hankali, "Kaka, don Allah ki yi shiru, kaina ciwo yake. Ai ta kira ni tun Afrilu. Ta ce, ''Yar nan tawa taurin kai ne da ita, na san ba za ta gaya miki ba. Kada ki ce mata komai, ki bar ta ta tako da ƙafarta ta roƙa.' Martin ya kankare fentin tun tuni, ke ce ba ki shigo kin gani ba."

Na rasa ko dariya zan yi ko faɗa. Martin ya tafi da wayar wani ɗaki, ya matsa da ita jikin gilashi, ya ce da gurguwar maganarmu da ya koya, "Kaka, ga Innarki." A jikin kwalbar an manna takarda, an rubuta Uviluk. Da Juusipi ya leƙo ta bayana sai ya ce, "Ka ji Inna! Wata biyu ma ta kasa jira. To tunda namiji ta dawo, sai ta zo ta ciyar da karnukan da kanta." Ya faɗi haka ya fita waje da sauri, na ji shi yana fyace hanci.

Inna, kin dawo, amma hankalina bai kwanta ba. Nauyinki bai kai na kifi ɗaya ba. Fatarki ja, ana ganin jijiyoyi, kuma inji ne yake yi miki numfashi. Likita ya ce huhun bai ƙosa ba, ba zai iya cewa komai ba sai an ga mako guda. Yau kwana biyu. Duk ƙarar waya sai in ruga in ɗauka. Na binne ki sau biyu, ba ni da ƙarfin na uku.

Kowace safiya ina sa Martin ya kara wayar a jikin gilashin, in ja sautin da kika fi so, wanda muke kwaikwayon kukan agwagwar daji, in bar miki gurbinki. Ba na sauri, yadda kika ce nake yi. Har yanzu injin ne yake cike gurbin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Miika, wadda ta haifa ta kuma binne. Miika, ki yafe mini watan nan da na yi ba na miki magana, kuma ki sa yaron nan a addu'a, domin 'yarki ce kamar yadda yake uwata. Ina yi wa dangin Tulugak ta'aziyya, da abokan aikinta na kudu, da marasa lafiyan da za su taru a ƙofa ranar Asabar ba su ga kowa ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah ya ji ƙanki, Inna. Ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa, ya sa alherin da kika yi ya bi ki. Allah kuma ya raya ki, ya buɗe miki huhu, ya dawo mini da ke gida a bayan Siila, in ɗora ki a kan akwatin nan mu ƙarasa waƙar.

'Yarki,
Raigili