Motar da Na Mayar Rumbu

Da na ajiye aikin koyarwa sai na sayi mota. Tsohuwa ce mai dogon baya, ta riga ta gaji a hannun mutum biyu kafin ta zo nawa, amma a ƙauyenmu ita kaɗai ce motar gida, sauran bas biyu ne na haya. Shekara biyar ina ɗauko tumatur da ita daga lambunan Watari, ina kai marasa lafiya, ina kai 'yan biki. Sai shekarar nan da kuɗin mai ya tashi ya ƙi saukowa. Fitar da nake yi sau uku a mako ta koma ɗaya, ɗayar ma ta gagara. Na tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na lulluɓe ta da tamfol, na koma kan kekena.

A shekarar ne 'yata ta fari, wadda take aure a wajen Makoda, ta samu cikin fari. Da ya kai wata bakwai aka tayar da maganar dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. Matsalar ita ce ƙafafunta sun kumbura, kuma a wurin awo an gaya mata jininta yana hawa, kada ta kuskura ta haihu a gida, naƙuda na farawa a garzaya da ita asibiti. Mijinta ya zo ya durƙusa a zaurena, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, da za a bar ta a can, tunda mu muna bakin kwalta."

Na ce, "Gidan da babu mota ake yi wa wannan maganar. Ga ta can a ƙofar gida. Daga nan zuwa asibiti tafiyar me ce?"

Ya ce, "To, Baba." Yaron kirki ne, kuma ya san ni ba a maimaita mini magana. Bayan kwana biyu ya kawo ta.

'Yar fari ce, don haka ba na zama in tambaye ta yaya jiki, sai dai in ji daga bakin uwarta. Motar ce abin da zan iya yi mata. Tun ranar da ta zo kuwa zama ya gagare ni. In na fita gona sai in ga na dawo kafin hantsi, in zagaya motar, in doki tayoyin da ƙafa, in koma. Tsoro nake ji, kuma ban gaya wa kowa ba.

Akwai wani benci a tasharmu inda direbobi suke zama tun da fasinja ya yi ƙaranci. Can na kai tambayata: yaya ake ajiye mota ta daɗe, kuma ranar da aka neme ta ta tashi? An ce shawara ɗaukar ɗaki ce, to ni ɗakina kowa gefensa ya ja. Direban farar bas ya ce kullum da safe in yi mata wamin, wato in tayar da inji ya ɗumama na ɗan lokaci. Na ɗaya bas ɗin ya ce wannan ƙona mai ne a banza, in cire kan batir kawai in kwanta in yi barci. Wani ya ce in ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su mutu. Wani ya ce in bar mai a tanki, wani ya ce rana za ta shanye, abin da rana ta bari kuma ɓarayi masu tiyo su zuƙe.

A ƙarshen bencin akwai wani tsohon direban babbar mota da ido ya sa ya ajiye tuƙi. Abokin wasana ne, ɗan ƙanwar babana, ba ya barin magana ta wuce ba tare da ya tsokane ni ba.

Ya ce, "Malam, mota ba littafi ba ce da za ka rufe ka ajiye a akwati. Tafiya take so. Ko sau ɗaya a mako ka kai ta kwalta ka dawo."

Na ce, "Kai za ka zuba man?"

Ya ce, "Ni na ce ka sayi abin da ya fi ƙarfinka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Na fara da wamin. Kullum bayan na dawo daga masallaci in yaye tamfol, in murza makulli, in zauna ina sauraron inji. Sai dai idona ba ya barin allurar mai, kuma kowace safiya sai in ga ta ɗan sunkuya. Man da na tanada don ranar nan shi nake ƙonawa ba tare da taya ta juya ba. Na koma wamin ranar Juma'a kaɗai. Daga baya na bi ɗaya shawarar: na kai batir aka yi masa caji, na cire kansa, na tsiyaye man na zuba a galan, na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Maiɗakina ta yi mitar wari har ta gaji ta bari. Na ce wa kaina yanzu komai a shirye yake, mai a hannu, batir a cike, abin da ya rage murza makulli ne.

A tsakanin nan aka fasa rumbun maƙwabcina aka kwashe masa gero. Shekarun sun sa mutane sun koma satar abin da a da ko a bakin hanya aka bar shi ba mai taɓawa. Ni kuwa ina da buhu uku na irin gyaɗa, wanda in ya tafi to noman daminar ya tafi. Na duba rumbuna na kara, na duba motar da take da ƙarfe da gilas da makulli, sai dabara ta faɗo mini. Na sa aka loda buhunan a can baya, na bar kujerar tsakiya fili saboda yarinyar, na kulle, na mayar da tamfol.

Maiɗakina ta ce, "Malam, mota ai ba rumbu ba ce."

Na ce, "Rumbun da yake da makulli kin taɓa gani?"

Daɗin dabarar ya sa har tasha na kai ta, ina ba wa direbobi shawara ni ma. Tsohon ya girgiza kai ya ce in dai zuba kafur saboda ɓera. Na zuba. Bayan mako biyu na buɗe na ga ɓawon gyaɗa da kashin ɓera a ƙarƙashin kujera. Na ɗana tarko, na kama biyu, na jefa wa kyanwa, na ɗauka magana ta ƙare. Ban buɗe bonet ba. Kullum maiɗakina sai ta ce, "Ka dai tayar da ita ka ji," ni kuma in ce man da zan tayar da ita da shi ba a rijiya nake ɗebowa ba. Mako biyar injin bai yi ƙara ba.

Ranar ta zo da hantsi, cikin zafin bazara, kuma ranar kasuwa, bas biyun nan duk sun tafi tun da sassafe. Ina zaure ina gyaran fartanya maiɗakina ta leƙo. Fuskarta kaɗai na gani na miƙe.

Na ɗauko galan, na ɗura man, na mayar da kan batir, na ɗaure. Aka fito da yarinyar, uwarta a gefe ɗaya, maƙwabciyarmu a ɗaya, aka zaunar da ita a kujerar tsakiya. Na murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake. Na sake har sautin ya fara yin sanyi.

Maiɗakina ta ce, "Malam, a kira mai babur."

Na ce, "'Yata ba za ta hau babur da naƙuda ba. Yanzu za ta tashi."

Wannan maganar ita ce har yau take hana ni sukuni. Maza suka taru, aka sauko da yarinyar aka zaunar da ita a tabarma a inuwa, aka fara tura motar. Hanyarmu yashi ce, mutum shida suna nishi, ina ciki na sa giya biyu ina sakin kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Muka kai bakin masallaci, muka juyo, muka sake komawa. Kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce a duba fiyus, wani ya kwanta a ƙasa yana bugun tanki da dutse wai famfon mai ne ya maƙale. Ni kuma duk wanda ya yi magana sai in bi, kuma in daka masa tsawa a lokaci guda. Duk sanda muka wuce ta ƙofar gida ina ganin yarinyar ta dafe ƙasa da hannu biyu, ba ta kuka, leɓenta kawai take cizo.

Tsohon direban ne ya iso yana dogara sanda, ya ce a daina wahalar da mutane a buɗe bonet. Da aka buɗe, ko shi da idonsa ya yi rauni sai da ya gani. A lungun bayan inji ɓeraye sun yi sheƙa da ɓawon gyaɗa da zaren buhu, kuma damin wayoyin da ya bi ta wurin an gwaguye shi, jan ƙarfe a waje, wasu sun rabu biyu. Ranar bai tsokane ni ba.

Ya ce a hankali, "Malam, wannan ba ta turi ba ce. A kawo babur."

Sama da awa ɗaya ta tafi a haka. Maƙwabcin da aka fasa wa rumbu shi ya fito da babur ɗinsa. Aka ɗora ta a tsakiya, uwarta a baya ta rungume ta, suka kama hanyar burji da take ɓullewa kwalta. Babu wurina a kai. Na tsaya ina kallonsu suna hawa suna gangarawa a kan ramuka har suka ɓace mini, makullin mota yana hannuna.

Na buga wa mijinta waya, na faɗi abin da zan iya faɗa. Na buga wa mai gyaran wayar mota a Bagwai, wanda muke ce wa rewaya, na ce ya bar duk abin da yake yi. Ya iso wajen azahar. Da ya leƙa sai ya yi murmushi, bai san abin da ake ciki ba.

Ya ce, "Baba Malam, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ka kawo musu abinci har ɗaki?"

Wani ya ja shi gefe ya raɗa masa. Sai rewaya ya tsuguna ya fara fere wayoyi yana haɗa kala da kala yana naɗe su da tef. Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya. In shiga zaure, in fito, in tambaye shi saura nawa, in duba waya, in je bakin hanya kamar zan hango asibitin daga can. Na jawo buhunan gyaɗar na watsar da su ƙasa, ɗaya ya fashe, ban waiwaya ba. Na yi sallar azahar ban san me na karanta ba.

Dab da la'asar maiɗakina ta kira. Muryarta a dushe.

Ta ce, "Ita tana nan da ranta, an ƙara mata jini. In motar ta gyaru ka taho da ita."

Na ce, "Abin da aka samu fa?"

Ta ce, "Ka dai taho da motar, Malam."

Rewaya ya rufe bonet ya ce in gwada. Bugu ɗaya ta tashi.

A ƙofar asibitin na tarar da surukina a tsaye, ya rungume wani abu ɗan mitsitsi a naɗe cikin zanin maiɗakina. Namiji ne, bai zo da rai ba. Babu wanda ya ce mini jinkirin ne ya jawo. Ma'aikaciyar da na tambaya ta ce irin wannan ciki ko an zo da wuri yakan zo da haka, mu gode Allah da uwar ta tsira. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma awar nan ni na ɓatar da ita, kuma ba zan taɓa sanin abin da yake cikinta ba.

Aka yanke a kai shi maƙabartar ƙauyenmu tunda ta fi kusa. Surukina ya bar babur ɗinsa a can, ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora zanin a cinyarsa. Ina jira ya tuna mini maganar da ya yi a zaure, da ya faɗa ma da na ji sauƙi, amma bai faɗa ba. Motar ko tari ba ta yi ba. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji sai na rage gudu, ina kauce wa kowane rami, ina lallaɓa ta a kan kowane tudu, ban ma san ina yi ba. Muka yi nisa a haka, rana tana ta sunkuyawa a bayan ɗorawoyi.

Surukina ya gyara riƙon zanin, ya ce, "Baba, ƙara wuta. Babu abin da zai same shi yanzu, kada magariba ta riske mu."

Na taka totur.