Kwallin da Ya Ƙi Shiga Takaba

Ranar da aka kira ni zuwa garin Fulatan in ba da shaida a kan idon matar mutane, har gobe ban manta da ita ba. Ku da kuke aski da kilifa da janareta, ku matso ku ji yadda gwaninku ya fara.

A farkon shekarun casa'in ne. Na bar makaranta a fom tu, domin a ganina malaman ba su da sauran abin da za su koya mini. Na yi kwandasta, na yi tallan kaset, na yi facin keke, ko'ina wata uku sai in gano wurin bai dace da basirata ba. Da uwata ta gaji, ta kai ni wurin ƙanenta, Kawu Sule wanzami, a Unguwar Hajji cikin Ƙaraye.

Wanzanci mataki-mataki ne. Ka fara da ɗaukar zabira, jakar fatar da ake zuba kayan aiki, da wasa aska. Sai a ba ka aski, sai ƙaho. Can gaba a bar ka ka yi jarfa, wato zanen adon da ake tsaga wa mata a fuska ko wuya a goga baƙi ya zauna har abada. Ni ina matakin aski, amma a zuciyata na riga na wuce Sarkin Aska.

Wata ranar kasuwar Rogo muna zaune a rumfa, sai ga Malam Hamisu, magatakardan dagaci daga Fulatan. Bayan an gaisa, an tambayi gida da shanu da damina, ya ce matarsa Hajiya Jummai ta ga wata 'yar Sudan a aikin hajji da kwallin da ba ya wankuwa, an zana mata shi da allura. Tun da ta dawo ba ta bar shi ya sha fura cikin kwanciyar hankali ba.

Kawu ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Malam, ƙarfena ba ya zuwa kusa da ido. Ka saya mata tandun kwalli biyu."

Ni kuwa na bi mutumin har bakin mota na ce, "Ranka ya daɗe, tsoho ne, hannunsa rawa yake. Aikin nan na sha yin sa." Ban taɓa ganin ko an yi ba.

Ranar Laraba na ce wa Kawu zan je gaida abokina marar lafiya. Na ɗaure allura uku da zare, na kankaro baƙin gindin tukunya na kwaɓa, na hau akori-kura zuwa Fulatan. Malam Hamisu ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana jan carbi, ya ce kada kowa ya ji, musamman yayarsa Goggo Hansai. Idon dama ya fito lafiya, ikon Allah ne, ba nawa ba. Ina cikin na hagu jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka a bayan danga, na zabura, layin ya sauka ƙasa ya yi wutsiya kamar ta ƙadangare.

Hajiya ta duba madubi ta ce, "Ɗanlami, wannan fa?"

Na ce, "Haka ake yayi a Jidda, Hajiya."

Ta ce, "Ni da na je Jiddan ban gani ba, sai kai da iyakarka Gwarzo."

To ka ga amfanin aikina. Matar da ta nemi hutu da saka kwalli, sai ga ta kullum safe tana rangaɗa shi da kauri don ta rufe wutsiyar. Shi ya sa shekara biyu ba wanda ya gane.

Sai Allah ya yi wa Malam Hamisu rasuwa, Hajiya ta shiga takaba. Kun san ƙa'ida, wata huɗu da kwana goma, ba lalle, ba turare, ba kwalli. Ranar sadakar bakwai, gida cike da mata, Goggo Hansai ta ƙura mata ido ta ce, "Jummai, ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, wa kike yi wa kwalliya?" Aka wanke mata fuska da sabulun salo har ido ya yi ja. Aka ƙwace tandu. Washegari kwalli na nan daram. Goggo ta ce ai akwai wani tandun a ɓoye. Hajiya ta rantse zane ne, aka ce a ina aka taɓa zana ido, kuma mai shaidar, mijinta, yana lahira. Dangin miji suka yanke magana, ta koma gidansu da abin kunyarta, 'ya'yanta biyu su zauna wurin Goggo.

Ƙanen Hajiya ya zo har Ƙaraye nemana. Da yake ni mai sa'a ne, a gaban Kawu ya same ni, ya zazzage labarin kaf. Na fara cewa wataƙila wani Ɗanlamin ne. Kawu ya ninke askarsa a hankali ya ce, "Abokin naka marar lafiya, ya ji sauƙi?" Sai ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ɗauki zabira, Sarkin Aska."

A zauren gidan marigayin muka tarar da liman da wakilin dagaci da dattawa. Goggo Hansai na tsaye daga bakin ƙofar ciki. Na durƙusa na faɗi abin da na yi. Ta ce, "Allah gafarta Malam, sayo shi aka yi. Wannan mai kama da ɗan kamasho, wa zai ba shi ido?"

Liman ya ce, "Yaro, kana da wata alama?"

Akwai alama, amma ita ce abin da na shekara biyu ina roƙon Allah kada Kawu ya ji. Na dubi ƙasa na ce, "A duba idon hagu, can gefe wajen kunne. Layin ya karkace ya yi ƙasa, tsawon ƙwayar shinkafa. Jaki ne ya yi kuka."

Wakilin dagaci ya ce, "Jakin ne ya riƙe allurar?"

Goggo ta shige ciki da ruwa da tsumma. Muna jiyo ta tana cewa, "Juyo nan. Rufe idon." Ta daɗe. Da ta fito ba ta kalli liman ba, ni ta kalla daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ne gwanin? Ko akuya aka ba allura sai ta fi ka." Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Liman ya ce takabarta na nan lafiya, ba ta saka komai ba bayan rasuwa, kuma ba inda za ta. Zanen kansa, ya ce, tun farko bai kamata ba, kowa ya nemi gafara, mai allura ya fi kowa buƙata. Daga cikin gida muka ji kukan Hajiya, na farko da aka bar ta ta yi wa mijinta ba tare da ana leƙa idonta ba.

A mota, da muka kusa Ƙaraye, Kawu ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ka ɗauka tsoron ido ne ya hana ni? Mace takan zo maka tana tunanin ranar biki. Kai wanzami aikinka ne ka tuna mata akwai ranar da za a ce ta wanke fuska."

Ya mayar da ni ɗaukar zabira shekara guda cur, kuma karo na farko a rayuwata ban gudu ba. Shi ya sa har yau in wani ya zo da abin da ba ya gogewa, nakan ce ya je ya kwana bakwai ya dawo. Hajiya Jummai kuwa ta aurar da 'ya'yan nan biyu daga gidan. In mun haɗu a kasuwar Rogo takan nuna idon hagu ta ce, "Ɗanlami, ya mutanen Jidda?"