Shirun Mai Agogo

Shagona na gyaran takalma manne yake da na Mai Agogo, fallen kwano ɗaya ne ya raba mu. A jere muka tsufa a bakin titin nan. Ni ba mai yawan magana ba ne, shi kuwa Allah ya hore masa baki. Da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki, sai ka ji ya ce, “Kun san abin da ya sami direban da ya sayar da motarsa ga mutum biyu?” Sai ya yi shiru. Ba zai ƙara ko kalma ba sai wani a kan benci ya ce, “A'a, ba mu mu sha.”

Haka labarinsa yake, rabi nasa, rabi na masu sauraro. In an yi dariya ya ƙara gishiri. In wani ya ce, “Ƙarya kake, tsoho!” sai ya dafe ƙirji ya ƙullo wata da ta fi ta farko. Mutum zai kawo agogon da batir kawai yake buƙata, ya zauna har la'asar.

Sannu a hankali waya ta kashe kasuwar agogo. Mutanen benci wasu suka riga mu gidan gaskiya, wasu ciwon ƙafa ya zaunar da su a gida. Ni kuma kunnena ya fara nauyi, sai ya maimaita mini, labari kuwa in an maimaita ya huce.

Autarsa, wadda take aiki a kantin magani, ita ta ga uban yana ramewa ba ciwo. Ta buɗe masa shafi a intanet, ta jingina waya da gwangwanin kusoshi.

“Baba, mutanen bencinka duk suna cikin nan yanzu. Dubbai.”

“Dubbai? A ina za su zauna?”

“Kai dai yi magana.”

Ya gyara hula ya fara. In ya jefa tambaya sai ya dakata, yana kallon wayar, yana jira. In ya zo wurin dariya ya sake dakatawa, ya bar musu fili su yi. Haka aka ɗora bidiyon, da shirun da komai.

Bayan kwana biyu ya matsa mata ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa. Ta yi ta noƙewa, sannan ta karanta: “Baba, barci ya kwashe ka ne?” Wani kuma: “Tsohon nan batirinsa ya yi sanyi.”

Na zaci zai ji haushi. Ina! Fuskarsa ta washe. “Ni mai batir zai gaya wa batir? Ba ni shi in rama!”

“Baba, tun jiya ya rubuta. Ya wuce.”

“Kira shi.”

“Ban san shi ba. Ko sunansa na gaskiya babu.”

Ya daɗe yana juya hantsaki a hannu. “Wane irin mai tsokana ne ba ya tsayawa a rama?”

Auta ba ta karaya ba. Ta zauna ta yanke duk wuraren da yake shiru, ta haɗe maganar. Nan da nan masu kallo suka yi yawa, har maƙwabta suna tare ta a hanya. Ta zo da murna ta kunna masa da ƙarfi, ni ma na matso. Muka ji wani mutum yana zuba ba numfashi, yana tambaya yana ba kansa amsa, yana wuce wurin dariya kamar ana korarsa.

“Auta, wannan ai mahaukacin bakin kasuwa ne.”

“Kai ne, Baba. Haka suke so.”

“Su wa?”

Ta nuna masa lambar da ke ƙasan hoton. Ya sa gilashinsa na aiki ya duba ta da kyau, ya cire.

Duk da haka ya gwada, don kada ya kunyata 'yarsa. Ya ce zai yi musu yadda suke so, ba tsayawa. Sai ya kai tsakiya ya rasa hanya. Ashe amsar mutane ce take nuna masa inda zai karya kwana. Ya koma farko, ya sake ɓata. Labarin da na ji a bakinsa tun ina da baƙin gashi, na ga yana lalubensa kamar kusar da ta faɗi cikin yashi. Daga ƙarshe ya kife wayar, ya ce a bari sai gobe. Goben ba ta zo ba.

Kwanan baya wani mai babur ya tsaya, ya ɗaga waya. “Kai ne tsohon nan na intanet? Yi mana ɗaya mana!”

Mai Agogo ya miƙe da rawar jiki. “Sauko, ɗana, zauna.”

“Sauri nake, Baba, yi daga nan.”

Ya buɗe baki. Na ajiye takalmin da ke hannuna ina jira. Can ya ce, “Na manta.”

Mai babur ya karkato, ya ɗauki hotonsu tare, ya tada injin.

Auta ta ce har yanzu mabiya ƙaruwa suke. Shi kuwa yana buɗe shago kullum, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi nasa. Iyakarta ke nan.