Jajen da Aka Kai wa Kamfanin Sabulu

Na yi aiki a wani kamfanin sabulu na mutanen ƙasar waje, kusa da unguwarmu ta Nasarawa a Kaduna, tun ina da gashi a ka har sanƙo ya kammala aikinsa. Ni ke kula da injin da ke yanka sabulu. Alamar kamfanin balbela ce tsaye da ƙafa ɗaya. Tana jikin kwali, tana jikin babbar ƙofa, tana kuma kan aljihun rigar aikina.

A duk zamana a wurin, kamfanin bai taɓa cin riba ba. Kowace shekara dab da Kirsimeti, manaja, wani dogon Bature mai yawan gumi, zai tara mu a rumfar lodi, ya cire tabarau, ya sanar cewa bana ma an faɗi. Don haka babu ƙarin albashi, kuma idan abin ya ci gaba dole a rage ma'aikata. Yana magana tireloli sun yi layi a bayansa har bakin titi, direbobi na ta danna oda a zo a yi musu lodi. Babu wanda ya ga wani abin mamaki. Mun ɗauka haka manyan kamfanoni ke faɗuwa, da hayaniya.

Maganar rage ma'aikata ta tare a gidana kamar ɗan haya. Aikin nan shi ne abincinmu, shi ne makarantar yara, kuma ina tsoron rasa shi ƙwarai. Sai na koma jinyar kamfani. Ina kashe fitilun da ba a amfani da su. Ina tsince ɓarɓashin sabulu a ƙasa in mayar tukunya. Bayana ya fara ciwo, na ƙi karɓar hutu, don a ganina bai dace mutum ya kwanta ba alhali wanda ke ciyar da shi yana kwance.

Matata tana sayar da acca da manja a kasuwa. Kullum da safe masu tikitin haraji sukan zo rumfarta tun kafin ta yi ciniki, kuma ba su taɓa tambayarta ko ta ci riba jiya ba. Duk da haka kamfanin take tausaya wa. A addu'ar safe tana da tsari: yara, sai marasa lafiya na coci, sai kamfani. Ni ina zuwa bayan kamfani.

Wata shekara, bayan sanarwar da aka saba, na dawo gida na faɗa mata. Ta ajiye muciya.

"Baban yara, idan gobara ta ci shagon mutum muna zuwa jaje ko ba ma zuwa?"

Na ce ana zuwa.

"To wannan bawan Allah shekara da shekaru yana asara, a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba. Akwai wanda ya taɓa takawa ya ce masa sannu?"

Na ce ban ji ba. Ta ce abin kunya ne a gare mu, kuma ta kai maganar gaban matan zumunta na cocinmu. Yawancinsu mazansu a kamfanin suke, don haka ba a yi wata muhawara ba.

Ran Talata ina kan injina sai na ji waƙa daga bakin ƙofa. Na leƙa, ga su sun sha zanen zumunta iri ɗaya, da kuloli cike da gwate, matata a gaba ta rungumo zakaranmu, wanda muka yi ta kiwo don Kirsimeti. Maigadi ya buɗe musu, don bai taɓa samun umarnin hana masu jaje shiga ba.

Aka kira akanta ya yi tafinta. Mutum ne mai sanyin hali daga Tudun Wada, kowa Malam yake ce masa. Ni ma aka kira ni, tunda matata ce jagora. Matan suka zauna a ƙasan ofis kamar yadda ake yi a gidan makoki, suka ƙi kujeru.

"Malam, ka gaya wa Oga mun zo masa jaje," in ji matata. "Ka ce masa sannu da haƙuri. Wanda ya ba shi jiya, shi zai mayar masa gobe. Kada ya sa abin a ransa har ya kamu da hawan jini."

Malam ya fassara yana kallon takalminsa. Manaja ya yi ja har kunne. Matan suka ga haka suka ce wayyo, abin ya taɓa shi. Aka yi masa doguwar addu'a, aka roƙi Ubangiji ya tona asirin duk inda ribar kamfanin nan take zurarewa. A nan na lura Malam bai fassara ba. Manaja ya karɓi zakara da hannu biyu, ya rasa inda zai ajiye shi, ya tsaya riƙe da shi har suka fita. Ni kuwa a ranar alfahari na yi da matata. Mun ci Kirsimeti da kifi busasshe.

Ba a daɗe ba aka kawo sabon inji mai yanka da kansa, aka sallame mu, mu da yawa, saboda asarar da ake ta yi. Ban yi fushi ba, tausayinsu ma na ji. Muka koma Kamazou inda haya ta fi sauƙi a lokacin, na kafa injin markaɗe. Babbar 'yarmu ta bar makaranta ta koma taya uwarta a kasuwa. Wannan har yau yana ci mini rai.

Bayan wasu shekaru na je Gonin Gora sayen bel ɗin inji, sai ga Malam a benci wajen mai shayi, shi ma ya bar kamfanin. Rediyon mai shayi na bayanin cewa ƙasashen duniya sun yi ta zama, sun amince manyan kamfanoni su riƙa biyan wani mafi ƙarancin haraji ko ina suka kai ribarsu, su kuma bayyana abin da suka samu a kowace ƙasa. Na ce Allah sarki, da namu ya ci riba da shi ma ya biya.

Malam ya juyo ya dube ni, ya ce:

"Baba, kamfanin nan bai taɓa faɗuwa ba. Ka tuna balbelar? Ba tamu ba ce. Ta wani kamfani ce a wani tsibiri inda kusan ba a biyan haraji. Duk shekara sai mu biya su hayar hotonta, kuma hayar takan zo daidai da ribar, wani lokaci ta ɗan wuce."

Na tambaye shi su waye masu kamfanin tsibirin.

"Su ne dai. Aljihun hagu ke biyan na dama. Ofishin can ko mai shara babu."

"Kuma doka ta yarda?"

"Lauyoyi sun ce ta yarda. Shi ya sa ƙasashe ke ta taro."

Tsallaken titi akwai shanu, balbelu na bin su suna kiwo, ba wanda ke karɓar ko sisi. Na sha shayina har ƙarshe, don na riga na biya.

Da na koma gida na faɗa wa matata komai. Ta dubi 'yarmu da ke tankaɗe acca a tsakar gida, ta ci gaba da aikinta.

Washegari muka durƙusa addu'ar safe. Ta yi wa yara, ta yi wa marasa lafiya na coci. Da ta iso gurbin kamfani, wanda ba ta taɓa cirewa ba ko bayan an sallame ni, sai na buɗe ido ɗaya.

"Ubangiji," ta ce, "mun roƙe ka ka nuna mana inda take zurarewa, ka kuwa nuna. Mun gode. Sai dai ka makara wa yarinyar nan."

Daga nan ta zo kaina, ta yi mini tawa addu'ar.