Guɗar da Na Kai Kuala Lumpur

Kaduna zuwa Abuja

Tun kafin ladan ya kira assalatu na jawo akwatina zuwa tsakar gida. Rabinsa kayana ne, rabi kuma kilishi da yaji da dakakkiyar kuka, don Umma ta rantse ɗanta ya rame a hoto. Baba yana zaune a kan dardumarsa yana jan carbi. Na durƙusa na yi masa sallama, ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Hajara, ki gaya wa Nazifi maganata tana nan yadda take."

Nazifi ƙanena ne, ɗan wasan tanis. A filin barikin soja da ke bayan gidanmu ya koyi riƙe raket, ya yi shekaru yana yawon ƙananan gasa a Masar da Tunisiya, ba abin da yake kawo mana sai wanki. Da korona ta shiga shekara ta biyu Baba ya gaji, ya ce wannan ce shekarar ƙarshe: in bai kai sahun manya ba, ya jingine raket ya koma jami'a. Kamar abin da yaron yake jira ke nan. Ya fara kayar da mutanen da a da ko gumi ba ya sa su, ya ɗauki kofi a jere, sunansa ya yi ta hawa. Gasar Kuala Lumpur ce ta rage. In ya cinye ta, makinsa zai kai shi wasan share fagen babbar gasar Ostareliya. In bai ci ba, shekara ta ƙare, kuma Baba ba ya magana biyu.

Saboda annoba, mutum ɗaya aka yarda ya raka kowane ɗan wasa, ga shi mai horar da shi cutar ta kwantar da shi a Turkiyya. Baba bai isa ya je ba, don ya ce ba wanda zai huda masa dantse da allurar rigakafi, ko da kuwa 'yarsa ce. Ni kuwa nas ce, tun tashin farko aka yi mini. Haka tafiya ta faɗo a kaina, ni da ban san yadda ake lissafin wasan ba.

Mai adaidaita ya sauke ni tashar jirgin ƙasa ta Rigasa gari bai gama wayewa ba. Da ya ji inda za ni da dalili, ya ce, "Hajiya, duk nisan nan don ƙwallon da ba ta kai lemo ba?" Na ce masa ya riƙe sunan Nazifi, wata rana zai ba 'ya'yansa labarin ya taɓa ɗaukar yayarsa.

Abuja

A Abuja aka fara gwada haƙurina. An zura mini tsinken gwaji a hanci har na ga taurari, sakamako ya fito lafiya, sai aka ɗage tashin jirgi. Kafin a sa sabuwar rana wa'adin gwajin ya wuce, sai da na sake miƙa hancin. Na kwana a Kubwa gidan wata ƙawar Umma, ina lissafi da yatsu ina sake lissafi. Duk ta inda na juya shi amsa ɗaya ce: za a fara gasa ina killace a otal. In aka cire Nazifi da wuri, na tsallaka rabin duniya ne kawai don in taya shi haɗa kaya.

Doha zuwa Kuala Lumpur

Mun yada zango a Doha, kowa da takunkumi, kujera ɗaya a zauna ɗaya a bari. Daga nan jirgi ya ɗauke mu har ƙafafuna suka kumbura. Da muka fara sauka na leƙa taga na ga gonakin kwakwar manja a jere, kore shar, iyakar ganin ido.

Ma'aikata cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka tarbe mu. Gwaji na uku, sannan aka ɗaura mini wani awarwaron roba ruwan hoda a hannu, alamar ba ni da izinin fita. Bas ta kwashe mu zuwa otal. A ƙofar ɗaki ake rataye abinci a ƙwanƙwasa a gudu. Da safe shinkafa ce dafaffiya da madarar kwakwa, da 'yan mitsi-mitsin kifi da gyaɗa da wani jan yaji mai zaƙi-zaƙi. Ranar farko na harare ta, rana ta uku kuwa ina jiran ƙwanƙwasawar.

A waya nake bin wasan, ba hoto, lambobi ne kawai ke canzawa. Ya ci na farko. Ya ci na biyu. Ranar da ya tsallake na kusa da na ƙarshe ban san lokacin da na miƙe a kan gado na riƙe hanci na rangaɗa guɗa ba. A danginmu an san ni da wannan, ba a kai amarya sai an nemo ni, kuma tun da annoba ta hana biki maƙogwarona yake ƙaiƙayi. Ban rufe baki ba wayar ɗaki ta yi ƙara, wata mata tana tambaya cikin Turanci ko in turo mini likita.

Da na ba Nazifi labari ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara murya. "Yaya, don girman Allah, filin nan ba gidan biki ba ne. In ana buga ƙwallo ko tari ba a yi. Ke ce a kujerar coach, mai horar da ni, in kika yi abin da bai dace ba ni umpire, alƙalin wasa, zai hukunta. Maki ɗaya zai iya kai ni jami'a."

Na ce masa na yi alkawari, ko numfashina ba zai ji ba.

Sri Petaling

Ana gobe wasan ƙarshe aka yanke mini awarwaron. Rukayya, ƙawata tun makarantar koyon jinya, ta zo ta ɗauke ni. Mijinta Malam Bashir yana karatun digiri na uku, suna zaune a wani dogon bene a Sri Petaling. Muka tsaya a shagon abinci na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gidan.

"Sai kin makan tukuna, lah," in ji ta. "Ko mu yi tapau mu hau sama?"

Na ce ta yi mini Hausa, ban zo da tafinta ba. Ashe nufinta in ci a nan ko a ƙunsa mana. Muka ci wata waina mai laushi da miyar wake, da shayin da ake zubawa daga sama har ya yi kumfa.

Malam Bashir ya shigo da murna. An hana 'yan kallo shiga filin, amma ya gano wani benen ajiye motoci a tsallaken titi, wanda daga rufinsa ana hango fili tsaf. "Na sa a group ɗin ɗalibai 'yan gida," ya ce. "'Yan unguwar Cheras za su zo, da 'yan Brickfields. Kowa da mask ɗinsa, za mu ba da tazara. Wani ma ya ce zai kawo ganga."

Na ajiye kofin shayi. Na ce ganga kuma? Na zayyana masa abin da Nazifi ya faɗa, na ƙara da nawa gishirin: duk wanda ya yi ko tafi ne, alhakin yaron nan a wuyansa. Malam Bashir ya ɗauki waya ya sanar da jama'a. Na kwanta ina jin na yi wa ƙanena babban aiki.

Filin wasa

Da hantsi na shiga jirgin ƙasan cikin gari, wanda ke bi ta saman gidaje, daga tasha kuma na taka zuwa filin. Aka auna zafin jikina, aka nuna mini kujera. Nazifi ya ɗago mini raket daga nesa. Lallai Umma ta yi gaskiya, ya rame, amma kafaɗunsa sun buɗe. Abokin karawarsa wani dogon Bature ne, in ya ɗaga hannu zai buga sai ka ce daga saman bene ƙwallon take saukowa.

Kujeru dubbai, ba kowa sai mu ƙalilan. Zafi kuwa irin mai jiƙa mutum tun bai motsa ba. A can tsallaken titi na hango jama'armu a kan rufi, hula da hijabi, sun jeru tsit kamar masu jiran a sallaci gawa.

Wasan kashi uku ne, wanda ya ci biyu ya ɗauki kofi. Nazifi ya ci na farko da ƙyar. Duk sanda ya yi bugu mai kyau sai ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa na harɗe hannuwa, takunkumi ya rufe mini fuska, ko gira ban ɗaga ba. A raina ina ta tsalle, amma alkawari alkawari ne. Mai horar da Baturen yana ta tafi yana ihu bayan kowane maki, ba wanda ya ce masa kanzil. Na lura da haka sarai, sai na ce wataƙila su dokarsu daban, ni dai ba za a ci ƙanena ta dalilina ba.

Kashi na biyu ya suɓuce masa. A na uku Baturen ya yi gaba, Nazifi ya fara jan ƙafa, yana buga ƙwallo a raga, ya daina ma waiwayowa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na tuna wata magana da ya taɓa yi mini a waya, cewa duk kofunan da ya ci a bana a filin da ba kowa ya ci su, yana gamawa ya ɗauki jakarsa ya koma otal. Hawaye suka fara jiƙa mini takunkumi.

Da aka ba su hutun canza gefe ya zauna ya lulluɓe kai da tawul. Can ya yaye shi, ya juyo ya kafe ni da ido. Doka ta hana shi yi mini magana a kan wasa. Hannu kawai ya ɗaga, ya kama hancinsa da yatsu biyu, ya girgiza kai kaɗan, yadda yake kwaikwayona tun yana yaro in na dawo daga biki.

Na dubi alƙalin wasa a kan doguwar kujerarsa. Na dubi ƙwallo, tana ƙasa, ba mai buga ta. Sai a lokacin na gane abin da yaron ya roƙa tun farko: shiru lokacin bugu, ba shirun makoki ba. Na miƙe tsaye, na kama hanci ta saman takunkumi, na saki guɗar da na yi shekara biyu ina tarawa.

Ayyiriri! Ta daki kujerun da ba kowa ta dawo. Tsuntsaye suka tashi daga rufin rumfa. Kafin ta mutu sai ga amsa daga tsallaken titi, Rukayya ce ta fara, mata suka kama, maza suka ɗauki kabbara da sunan Nazifi, ashe kuma mai gangar nan bai bar ta a gida ba. Alƙali ya waiwaya ya dube ni, ya dubi benen, ya duba agogonsa, ya ce a koma wasa. Ƙwallo na tashi sama kowa ya yi tsit, kamar da mu aka rubuta dokar.

Ba zan ce muku guɗa ce ta buga ƙwallon ba, ƙafafunsa ne da shekarun da ya yi yana shan rana. Amma yaron da ya tashi daga kujerar nan ba shi ne ya zauna ba. Ya rama, ya kamo, ya wuce. Kowane maki sai mu barke, da ya ɗaga ƙwallo sai mu haɗiye. Bugun ƙarshe ya bi gefen layi kamar an ja shi da zare, Baturen ya miƙa raket bai taɓa ba. Nazifi ya zube ya yi sujada a tsakiyar fili. Ni kuwa muryata ta riga ta tafi, bakina kawai ke buɗe.

Ya hauro har inda nake, jiƙe sharkaf, ya ce, "Haba Yaya! Na ce ki rage, ban ce ki mutu ba."

Na buɗe baki in rama, ba abin da ya fito sai iska.

Komawa gida

Kafin in taso sai da muka ci tuwo da miyar kukar Umma a gidan Malam Bashir, kofin yana tsakiyar tabarma kowa na hoto da shi. Nazifi ya tsaya can zai ci gaba da atisaye. Ni na sake miƙa hanci aka gwada, na biyo ta Doha, na sauka Abuja, na kama jirgin yamma zuwa Rigasa. Na shiga gida ana kiran magariba, Umma ta rungume ni tana tambayar ko ya ci kilishin.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Rukayya da maigidanta, da 'yan'uwanmu ɗalibai da suka tsaya cikin rana a kan rufin benen motoci saboda yaron da ba su taɓa gani ba. Wanda ya ƙi jin maganata ya zo da ganga, Allah ya yi masa albarka.

Bayan sallah na je gaida Baba. Ashe Malam Bashir ya turo masa hoton wasan mai motsi, an ce ya kalla ya fi a ƙirga. Bai yi zancen jami'a ba, ni ma ban tayar ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Wannan ta Ostareliyar, ita ma mutum ɗaya ake bari ya raka shi?"

Na ce haka nake zato, Baba.

Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya dubi dantsensa, ya dube ni. "To gobe ki kai ni asibitin naku a yi mini allurar. Ke kin je taki."