Layukan da na goge a Buza

A tsakiyar shekarun casa'in na samu aikin sakatariya a wani ƙaramin ofishin lafiya a Buza, daga ni sai takardar birbe ta gama kwaleji da baki marar riƙe magana. Odinata, wato kwamfuta, guda gare mu. Aikinta ta fiddo ma kowane ƙauye takardar yaran da lokacin allurarsu ta rigakafi ya yi, malaman lafiya su ɗauka su tafi.

Wanda ya rubuta firogiram ɗin wani dattijo ne Kirista da ya koyi aikin a asibitin mishan. Baba nike ce mishi. Da yatsa biyu yake bugawa, ni kuwa kallon shi kaɗai na sa ni ciwon kai. Shi ya koya mini karanta firogiram, kuma da na iya sai na ga kwamacala: layi nan, layi can, abu guda an rubuta shi sau biyu.

"Baba, wanga abu kamar ɗakin gwauro."

"Ɗiyata, aiki yake ko ba ya yi?"

"Shina yi, amma muni gare shi."

"To bar mini munina."

Ban bari ba. Edita, wato manhajar da muke rubuta firogiram cikinta, tana yarda mutum ya ɗora ma maɓalli umurnin kanshi. Na ɗora uku. Ɗaya ya jera layuka, ɗaya ya sake suna ko'ina a bugu guda, na ukun ya nemo layukan da sunka maimaitu ya goge na biyun. Na ukun nan yana tambaya kafin ya goge, i ko a'a, sau hamsin. Na gaji, na shiga saiti na kashe tambayar.

Baba ya tafi jinyar ido wajen Madawa. Ran da ya tashi na danna maɓallan ukun. Firogiram ya rage tsawo, ya yi kyau, takardu sunka fito kamar kullum. Faifan disket ɗin da tsohon firogiram ke ciki kuwa na sa wasiƙun ofis a kanshi, don ba mu da wani.

Wata huɗu ana fita da takarduna. Sannan majo, babban malamin lafiyarmu, ya dawo daga ƙauyen Deule inda ƙyanda ta shiga. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Ke, ina ƴaƴan fari?"

Ban gane ba. Baba, da bai daɗe da dawowa ba, ya jawo kujera ya kusa manna fuska da gilashin odinata. Ya daɗe yana nema.

"Ina layukan da ke nan ƙasa?"

"Maimaici ne, Baba. Na goge."

Sai ya gaya mini abin da na sani tun ina goye. Mace a ƙauyukanmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya take. Malami ya tambaya, ta sunkuyar da kai, ya rubuta sunan uwa a katin rigakafi ya bar wurin sunan yaro fanko. Layukan farko na tsallake duk katin da ba suna. Na biyun, masu kama da su, su ke komawa su tsinto waɗannan katuna su buga "ɗan fari na wance". Uwata ma har ta rasu ba ta kira yayana da sunanshi ba. Ban taɓa tunanin kunyar nan na iya zama cikin mashin ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna da idonshi mai ruwa ya sake buga layukan da yatsa biyu, ni ina karanto mishi katuna. Na Deule da na ƙauyen Tama sunka fi yawa. Majo ya koma da sabuwar takarda. Da ya dawo, uku daga katunan Deule ya ja musu layi da jan biro: ƙyanda ta tafi da yaran.

Na tambaye shi ko da an yi musu allura da sun tashi.

"Allah kaɗai ya sani," ya ce, bai dube ni ba.

Na mayar da tambayar cikin saiti, i ko a'a. Na ƙara shekara biyu a ofishin, ban sake danna maɓalli na ukun ba. Sunayen uwayen nan uku ina riƙe da su har yau. Na yaran ban taɓa sani ba.